Yadda ake zaɓen mayankin bututu don aikin famfo, ruwan zafi da AC

Sau da yawa yoyon da ake gani a mahaɗar bututu tun daga wurin yanka ya samo asali. Bakin da aka yanka a karkace ba ya zama daram a cikin soket, gam ko walda ba sa kama shi ta ko'ina, sai bayan an yi filasta an shafa fenti danshi ya fara fitowa a bango, mai gida ya fara kiran waya. A aikin AC da firji abin ya fi haka muni, domin ɓurɓushin jan ƙarfen da zarto ke zubawa cikin bututu yana iya toshe siririyar hanyar gas ko ya shiga kwamfireso ya lalata shi. Shi ya sa duk wanda ya ɗauki aikin famfo ko na sanyi a matsayin sana'a yake bukatar mayankin bututu, wato kotar nan mai ɗan faifai mai kaifi da roloji biyu, wadda ake juyawa tana zagaya bututu har ya rabu. Ga yadda za ka zaɓi wadda za ta yi maka aiki, da yadda za ka riƙe ta bayan ka saya.

Mataki na 1: San irin bututun da ka fi yankawa

Kafin ka je kasuwa, zauna ka tuna ayyukan da ka yi a 'yan watannin nan. Wane bututu ne ya fi shiga hannunka? Amsar wannan tambayar ita ce rabin zaɓin, domin babu kota ɗaya da ke yanka komai, ko da mai shago ya rantse maka.

Idan AC da firji kake yi, ko layin gas, ko bututun iskar numfashi na asibiti, jan ƙarfe ne abokin aikinka, kota mai faifai kake nema. A Ingila da sauran ƙasashen sanyi, inda ake zagaya ruwan zafi cikin ɗakuna don ɗumama gida, jan ƙarfe ya daɗe yana mulki. A nan kuwa, ruwan zafin da ke fita daga hita zuwa bayi ko kicin ya fi bi ta PPR, bututun robar nan mai kauri da ake haɗawa da injin zafi. Shi almakashin bututu yake so. PVC na ruwan sanyi da na magudana, ƙananansa almakashi, manyansa zarto. Bututun ƙarfe mai farin shafe, irin wanda ake yi wa zare a baki, labarinsa daban ne: sai babbar kota mai nauyi wadda ake ɗaure bututun a bais, wato abin damƙe ƙarfe da ke kan benci, kafin a juya ta, irin Ridgid 2-A da ke ɗaukar har inci 2. Ka ɗora ƙaramar kotar jan ƙarfe a kansa, faifan zai gutsure tun ba ka yi nisa ba.

Akwai kuma PEX, wani bututun roba mai lanƙwasuwa, da mai hawa-hawa, wanda ke da siririn alminiyom a tsakiyar roba, da bututun ƙarfe mara tsatsa da ake gani a otal-otal da masana'antun abinci. Za mu taɓo biyun ƙarshe a gaba.

Mataki na 2: Duba faɗin da take ɗauka, ka kula da tarkon inci da milimita

A jikin kowace kota an rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girman bututun da take iya rungumewa, kuma faɗin waje ake nufi. Mai aikin AC na gidaje yana yawo ne tsakanin inci 1/4, 3/8, 1/2, 5/8 da 3/4, wato milimita 6.35, 9.52, 12.7, 15.88 da 19.05. Kota mai ɗaukar milimita 3 zuwa 28, ko 6 zuwa 35, ta wadatar da shi. Wanda ke shiga manyan gine-gine da ɗakunan sanyi zai bukaci mai kaiwa milimita 42, wani lokaci har sama da 60.

Tarkon yana nan: bututun ruwa na jan ƙarfe na tsarin Turai da faɗin waje ake kiransa, 15, 22, 28. Bututun AC ma haka, da faɗin waje. Amma bututun ruwa na tsarin Amurka sunansa daban, awonsa daban: wanda ake kira rabin inci, faɗinsa na waje inci 5/8 ne, domin kullum ana ƙara 1/8 a kan sunan. Ga kota mai noti, wato wadda ake murɗa notinta a matso da faifan jikin bututu, wannan ba damuwa ba ne, tunda buɗe ta kake yi ka rufe. Inda yake cizo shi ne kotar nan zagayayyiya mai awo ɗaya tak, wadda ake maƙalawa a bututu a juya ba tare da an ɗaure komai ba. Mai lamba 15 don milimita 15 aka yi ta, ba za ta zauna daidai a kan 15.88 ba, balle 12.7. Kada ka sayi irinta sai ka tabbata bututun da kake aiki da shi ya dace da lambar da ke jikinta.

Shawarata, kada ka sayi kotar da bututunka na kullum yake a ƙarshen iyakarta. Idan 28 kake yawan yankawa, ɗauki mai kaiwa 35 ko 42. Kotar da aka buɗe har ƙarshe ta fi saurin karkacewa.

Mataki na 3: Yi la'akari da wurin da za ka juya ta

Babbar kota sai ta sami fili ta zagaya bututu gaba ɗaya, hannunta da komai. A kan benci ko a tsakar gida ba matsala. Amma bututun da ke bayan firji, ko wanda ya fito daga bango da ɗan yatsa biyu, ko na cikin injin waje na AC, ba zai ba ka wannan filin ba. Nan ne ƙaramar kota take cin kasuwarta. Ridgid 103 tana ɗaukar milimita 3 zuwa 16, lamba 104 kuma 5 zuwa 24, lamba 101 tana kaiwa 28. Rothenberger suna da Minicut, Imperial ma suna da tasu da masu aikin sanyi suka sani.

Ƙarama ba ta maye gurbin babba. Notinta ƙarami ne, yana cin yatsa, ba ta da hannun da zai ba ka ƙarfi, kuma idan ka wuni kana yanka da ita sai tafin hannunka ya gaya maka. Abin da ya dace shi ne babba ɗaya don aikin kullum, ƙarama ɗaya a aljihu don lungu. Idan kuɗinka na ɗaya ne kawai, fara da babbar.

Akwai masu batir, kamar ta Milwaukee, waɗanda ke yanka cikin 'yan daƙiƙu. Sun dace da wanda ke yanka sandunan jan ƙarfe masu tauri ɗari-ɗari a babban gini. Ga mai ɗaura AC biyu ko uku a rana, kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

Mataki na 4: Gwada ta a shago kafin ka biya

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa. Ko a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano kake, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, ka tafi da guntun bututun jan ƙarfe kamar tsawon tafin hannu a aljihunka. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni izini in ɗan gwada." Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba.

Fara da girgiza. Buɗe kotar rabi, ka kama ɓangaren da ke zamewa gaba da baya, ka motsa shi hagu da dama. Idan yana rawa, ajiye ta. Wannan 'yar rawar da kake ji a yatsa ita ce za ta sa faifan ya bar layinsa. Sai ka taɓa faifan kansa: ya juya sumul a kan ƙusarsa, kada ya cije, kada kuma ya yi lilo. Ɗaga shi wajen haske ka juya a hankali ka duba bakin, ko akwai gutsure ko wurin da ya lotsa. Rolojin su ma su juya da ɗan turi na yatsa. Sannan ka murɗa notin daga farko har ƙarshe. Zaren da ya yi tauri a wani wuri ya yi sako-sako a wani, aikin gaggawa ne.

Yanzu ɗora guntun bututunka. Matsa faifan har ya taɓa shi, ƙara ɗan kaɗan, ka zagaya sau uku ko huɗu ba tare da ka ƙara ɗaurewa ba. Cire ka duba. Kota ta gari za ta bar zobe ɗaya tak, siriri, wanda ƙarshensa ya koma ya haɗu da farkonsa. Mara kyau za ta bar layi yana tafiya gefe yana nannaɗe bututun kamar zaren noti, biyu, uku, huɗu, kowanne kusa da ɗan'uwansa. Wadda ta yi haka tana sabuwa ba ta da magani, jikinta ne a karkace. Kada a ce maka za ta saba da aiki.

Idan ta ci wannan jarrabawar, ƙarasa yankan ka dubi bakin. Ya kasance a miƙe, kewayensa bai lotse ba, leɓen da ya lanƙwasa ciki kuma siriri ne.

Ƙananan abubuwa guda uku da suka cancanci kallo: noti mai faɗi wanda hannu mai gumi ko mai maiko zai iya riƙewa, 'yar wuƙar kankare baki da ake naɗewa a bayan kotar, da tsagi a jikin rolojin. Wannan tsagin ba ado ba ne. Idan bakin bututun da ka buɗa kamar mazurari don notin mahaɗa ya kama shi ya tsage, lanƙwasar bakin tana shiga cikin tsagin, sai ka yanke ta kurkusa ba tare da ka yi asarar tsawon bututu ba. Duk wanda ya taɓa samun bututu ya gaza da ɗan yatsa ɗaya a saman tsani ya san darajar wannan.

Mataki na 5: Tambayi faifan canji

Faifai shi ne abin da ke ƙarewa, jikin kota kuwa yana iya shekaru. Saboda haka tambaya ta gaba ga mai shago ita ce ko ana samun faifanta. Kota mai tsada wadda ba a samun faifanta a garinku, ranar da ya dakushe ta zama ƙarfen awo. Da yawa daga cikin masu kyau suna zuwa da faifai na biyu a ɓoye cikin notin, buɗe murfin ka duba yana nan. Ka kuma duba yadda ake cire shi: wasu da sukurudireba, wasu da 'yar ƙusa da ake turawa da yatsa.

Faifai ma iri-iri ne. Na jan ƙarfe da alminiyom siriri ne mai kaifi. Na ƙarfe ya fi kauri. Na roba ya fi tsayin baki don ya ratsa kaurin bututun. Na ƙarfe mara tsatsa kuma an ƙera shi da tauri na musamman, kuma kotocin da aka yi don shi, irin Ridgid 35S, suna da boris a rolojinsu don juyi ya yi sauƙi. Faifan da ka yanka baƙin ƙarfe da shi kada ka mayar da shi kan mara tsatsa, domin ɓurɓushin da ya maƙale a bakinsa yana dasa tsatsa a wurin yankan.

Mataki na 6: Suna da kuɗi

Sunayen da suka yi fice sanannu ne: Ridgid na jihar Ohayo a Amurka, wanda ya faro tun 1923, Rothenberger na Jamus, tun 1949, Rems da Knipex su ma na Jamus, Virax na Faransa, Monument na Ingila. Masu sana'a a Turai da Amurka suna iya kwana suna musu a kan wacce ta fi, kuma a gaskiya tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar da ke tsakanin kowaccensu da jabu ba. Jabu kuwa ya cika kasuwa, da launi iri ɗaya da rubutu iri ɗaya. Nauyi a hannu, tsabtar rubutun da aka zana a jiki, da gwajin zoben nan su ne za su raba maka gardama. Farashin da ya yi araha fiye da hankali shi ma shaida ne.

Ni dai a ganina, tsohuwar kota ta asali daga cikin kayan gwanjo, wadda jikinta bai karkace ba, ka sa mata sabon faifai, ta fi sabuwa mai ƙyalli da ba a san asalinta ba. Haka kuma akwai marasa suna masu sauƙin kuɗi da ke cin gwajin lafiya lau. Yaron da ke koyon aiki ya fara da irinsu, babu laifi, in ya fara karɓar aikin kansa ya sayi ta ƙwarai.

Mataki na 7: Yanka da haƙuri

Kota mai kyau a hannun mai gaggawa ɓarna take yi. Ga yadda ake yi.

Da farko tabbatar babu komai a cikin bututun. Rufe ruwa ka tsiyaye shi, in na hita ne ka kashe wuta ka bari ya huce. In na AC ne, a mayar da gas cikin injin waje ko a kwashe shi tukuna. Ba a yanka bututu da matsi a cikinsa. Firjin zamani da yawa suna amfani da gas ɗin R600a, wasu AC kuma R32 ko R290, dukkansu suna iya kamawa da wuta, wanda ya sa kota ta fi injin gurza aminci tunda ba ta tartsatsi.

Idan bututun naɗi ne, warware shi a ƙasa ka miƙar da wurin da za ka yanka, domin kota ba ta bin layi a kan lanƙwasa. Sa alama. Zaunar da bututun a kan rolojin biyu sosai, ka kawo faifan kan alamar har ya taɓa, ka ƙara kamar kwatan murɗi. Zagaya sau ɗaya ka ga zoben ya haɗu. Daga nan, kowane zagaye ɗaya ko biyu ka ƙara kwatan murɗi ko ƙasa da haka. Jan ƙarfen AC laushi gare shi, idan ka ɗaure da ƙarfi don ka gama da wuri, bakin zai lotse ya zama kamar ƙwai, leɓen ciki ya yi kauri ya rage hanya, faifan ma ya mutu da wuri. Za ka ji maigida yana ce wa yaronsa, "Kai, sassauta hannu, bar ta ta ci da kanta." Maganar ke nan. Idan ya kusa rabuwa, tallafe ɓangaren da zai faɗi, kada ka karya shi da hannu.

Siririn bututun gas na firji, wanda raminsa bai fi bakin allura ba sosai, ba a sa masa wannan kotar, toshe shi take yi. Akwai ɗan almakashinsa na musamman, in babu a ɗan zaga shi da gefen magagari a karya.

Mataki na 8: Kankare baki

Kowace kota mai faifai tana tura ɗan leɓe zuwa ciki, komai tsadarta. Sai an cire shi. A bututun ruwa, leɓen yana sa ruwa ya riƙa murɗawa a bayan mahaɗa, a hankali ya cinye jan ƙarfen har ya huda, musamman a layin ruwan zafi da famfo ke zagayawa da shi dare da rana. A AC, leɓen yana sa bakin da aka buɗa ya fito da tabo ko ya tsage, kuma gas irin R410A da R32 matsinsu ya fi na tsohon R22, ba sa yafe ƙaramin kuskure. A mahaɗar da ake matsewa da inji kuwa, kaifin waje yana yanka zoben robar da ke ciki.

Juya bakin bututun ƙasa yayin da kake kankarewa don ɓurɓushin ya zubo waje, ka ɗan ƙwanƙwasa shi. Kada ka hura da baki, danshi kake turawa ciki. Wuƙar bayan kota tana yi, amma 'yar wuƙar nan mai kamar biro da bakinta ke juyawa ta fi tsabta, kuma ba ta da tsada. In ba yanzu za ka haɗa ba, toshe bakin da murfi ko salatif saboda ƙura, balle a lokacin hunturu. Kuma ka zura notin mahaɗa a bututun kafin ka buɗa bakin, ba bayan ka buɗa ba.

Almakashin roba

Mai aikin PPR ya nemi almakashi mai haƙora, wanda ke ci kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka matsa. Na gama-gari yana kaiwa milimita 42, ya ɗauke maka 20, 25, 32 da 40. Don 50 da 63 akwai babba. Gwajinsa a shago shi ne ka rufe shi ka ga wuƙar ta sauka a tsakiyar tsagin da take shiga ba ta goga gefe ba, sannan ka yanka guntun 25 ka tsayar da shi a kan tebur. In ya jingina gefe, wuƙar tana lanƙwasa. Wuƙa mai ɗan tsini a tsakiya ta fi shiga ba tare da ta danne bututun ba, kuma ɗan juya bututun a matsar farko yana taimakawa. Bakin PPR da ya karkace ba ya narkewa daidai a injin da ke kan zafin digiri 260, gefe ɗaya ya shige da yawa ya toshe hanya, ɗayan bai kama ba.

Mai alminiyom a tsakiya yana lotsewa bayan yanka, sai an zura masa abin daidaita baki ya dawo da kewayensa kafin a haɗa. Tsohon PVC da rana ta gasa kuwa kada ka sa masa almakashi, tsagewa zai yi ya bi tsawon bututun. Zarto mai ƙananan haƙora ya fi. Ga na magudana mai inci 4, naɗa takarda a jikinsa har gefunanta su haɗu daidai, bi bakin takardar da biro, ka yanka a kan layin, sannan ka ɗan fereƙe gefen waje da magagari don kada ya share gam yayin shiga soket.

Kula da ita

Bayan aiki goge ta da tsumma, ka ɗiga ɗan mai a zaren noti da ƙusar faifai da ta roloji, ka share wanda ya malalo. Wadda ake aikin bututun iskar asibiti da ita ba a barin maiko a jikinta ko kaɗan, domin haɗuwar mai da iskar oksijin tana iya tayar da wuta, gara a ware mata kota tata. Kada ka jefa ta cikin buhu tare da guduma da sifana, faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya karkatar da jikinta. Ranar da ka ga tana bukatar ɗauri fiye da da, ko leɓen ciki ya fara kauri, ko zoben ya fara rabuwa biyu, fara da canza faifan da ƙusarsa. In ka canza ta ci gaba da yin zare, jikin ne ya tafi, sai sabuwa.